Rahoton ya ce dutsen ya sauya: zinare ne a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi difloma a ilimin ma'adinai. Yayana ya sayar da gonarsa ya zuba kuɗin a wani ramin haƙar ma'adinai a wajen Ririwai, a jihar Kano. Mun kai dutsen an yanka an duba a maikiroskof, rahoton ya ce giranit ne da ruwan zafi ya sauya, akwai serisait da kulorait da fairait. Dillalin da ya kawo mu ya ce alamar zinare ke nan. Yanzu a cikin gida ake daka dutsen, ga yara. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, a fitar da turmin nan daga gida yau. Zan dawo kansa.

Abin da rahoton ya gani ba baƙon abu ba ne a duwatsun Ririwai. Idan ka ɗora yankan dutsen mai kaurin milimita 0.03 a ƙarƙashin maikiroskof, felsifa, ma'adinin da ya fi yawa a cikin giranit, ita ce ke fara tona asiri. Lafiyayyarta garau take, layukan tagwaitarta a fili. Wadda ruwan zafi ya ratsa kuwa sai ka ganta dishi-dishi, cike da 'yan ɓarɓashin serisait, wani nau'in maika (ma'adinin nan mai ɓarewa falle-falle), masu walƙiya idan ka gitta gilasan tace haske biyu na maikiroskof, galibi daga tsakiyar ƙwayar ko ta bin tsagarta. Bayotait, wato maika mai ruwan ƙasa, tana komawa koren ma'adinin da ake kira kulorait, zane bayan zane, har ka samu ƙwaya guda rabi kore rabi ruwan ƙasa. Kwaz, ma'adinin nan mai kama da gilashi, shi ne ke tsayawa fes. Inda sauyin ya yi tsanani, a gefen jijiyoyin kwaz, felsifa kan ɓace gaba ɗaya, a bar kwaz da maika da tofaz, wani lokaci da fulorait mai ruwan shunayya. Irin wannan dutse shi ake kira giraisin, kuma a nan ake neman kuza: ƙwaya mai ruwan goro, tana tasowa sama da maƙwabtanta a ido, da zobe-zoben launi a cikinta.

Ka lura, kuza na ce. An san Ririwai, kamar sauran duwatsun giranit na zamanin Jurasik da suka bi ta Jos, da kuza da tutiya da kwalambait. Zinaren Najeriya yawanci a yankin duwatsun shist na yamma yake, su Anka, Maru, Birnin Gwari da Ilesha.

To ga inda raina ke ɓaci. Kusan kullum sai an zo mini da wannan magana, wai dutse ya sauya launi, saboda haka akwai zinare. Sauyi shaida ce cewa ruwan zafi ya wuce ta nan. Bai faɗi abin da ruwan ya ɗauko ba, bai kuma faɗi ko ya ajiye shi ba. Sawun raƙumi a hanya bai gaya maka kayan da ke bayansa. Serisait da kulorait suna cikin dubban duwatsun da ba su da ko ƙwayar zinare. Fairait kuma, ma'adinin ƙarfe da kibiritu mai ƙyalli kamar zinare, a siririn yankan da aka yi muku baƙi ƙirin yake fitowa, haka shi ma zinaren zai fito in yana nan, domin haske ba ya ratsa su. Sai an goge fuskar dutsen an duba da hasken da ke dawowa kafin a bambance su, adadin zinaren kuwa sai gwajin wuta, wato narka samfurin dutsen, a ɗakin bincike. Dillalin da ya karanta zinare a wannan takarda, ko bai san aikin ba, ko ya san kuɗin yayanka yake nema. Irinsu ne masu yawo da na'urar gano ƙarfe mai yin ƙara a jaka da 'yar kwalbar zaiba, suna nuna wa mutane ƙyalli a tafin hannu. Ka ɗauki ƙyallin ka buga da guduma: fairait dagargajewa yake, zinare shimfiɗewa. Tsohuwar maika mai ruwan zinare kuwa da allura za ka ɓare ta, ruwa ma ɗauke ta yake a kwanon wanki.

Yanzu turmi. Jijiyoyin irin wannan dutse sukan ɗauki galena, wato ma'adinin dalma, wanda ake tozali da shi. A 2010, daka dutsen zinare a cikin gidaje ya kashe yara fiye da 400 a Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma, saboda ƙurar dalma da ta cika tsakar gida inda suke rarrafe. Ƙurar kwaz ita ma tana cin huhun mai daka a hankali, ba ta da magani. Wallahi babu arzikin da ya kai wannan. Haƙƙin yaran nan yana wuyanku, Allah zai tambaya.

A kwashe ƙasar wurin dakan a jiƙe, kada a share ta a bushe, a kai yaran asibiti a nemi gwajin dalma a jini ko da ba su nuna alamar ciwo ba. Sannan ka ɗebi samfuri da hannunka daga wurare daban-daban na ramin, ban da wanda dillali ya zaɓo, ka kai ɗakin binciken Hukumar Binciken Ƙasa da ke Kaduna, ka ce a auna kuza, tutiya, dalma da zinare. Kada yayanka ya ƙara zuba ko sisi kafin sakamakon ya fito.