Ga ɗan'uwan da ke son fara shirin GMAT alhali yana aiki

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka a tsanake. Ka ce shekara bakwai ke nan rabonka da aji, kana fita aiki da safe ba ka dawowa sai dare, kana son neman gurbin karatun MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, a baɗi, amma ka rasa ta inda za ka ɓullo wa GMAT, jarrabawar da makarantun kasuwanci ke nema kafin su ba da gurbi: littattafai za ka fara saye, kuɗin darasi za ka biya, ko hutu za ka ɗauka daga wurin aiki. Ni ma ina aiki na yi nawa shirin, kuma sau biyu na zauna jarrabawar, saboda haka abin da ya same ni zan faɗa maka.

Kafin ka sayi ko da littafi ɗaya, ka ware safiyar ranar da ba ka fita aiki, ka yi rajista a shafin mba.com na hukumar GMAC mai shirya jarrabawar, ka zauna ɗaya daga cikin gwaje-gwaje biyun da take bayarwa kyauta, daga farko har ƙarshe, da agogo, ba tare da wani bita ba. Na san zuciya ba ta son haka, domin babu mai son ganin ƙaramin maki, amma wannan makin shi ne zai nuna maka inda gyara yake. Ni na tsallake wannan mataki a karon farko, na shafe makonni ina bitar lissafi saboda shi nake tsoro, ashe rauni na yana wani wuri dabam.

Sannan ka tabbatar kayan karatun da za ka nema na sabon tsari ne. A watan Nuwamba na 2023 aka fito da sabuwar GMAT, aka kuma daina tsohuwar a ƙarshen Janairun 2024. Yanzu sassa uku ne, kowanne minti 45: lissafi mai tambaya 21, fahimtar rubutu da auna hujja mai tambaya 23, sai nazarin bayanai mai tambaya 20. An cire rubutun insha'i, an cire tambayoyin gyaran jimla, kuma jimillar maki daga 205 ne zuwa 805. Duk wanda ya miƙo maka tsohon littafi da kyakkyawar niyya, ka karɓa ka gode, amma kada ka ɓata lokaci a kan abin da ba a tambaya yanzu. Haka kuma kada makin da tsofaffin ɗalibai ke ambata ya karya maka gwiwa, domin ma'aunin ya canza: 645 na yanzu daidai yake da kusan 700 na da.

Babban kuskuren da na yi a karon farko shi ne karatun dare. Nakan dawo a gajiye, in zauna awa biyu ina amsa tambayoyi, in duba amsa a bayan littafi, in wuce gaba, sannan ranar hutu in yi zaman awa shida don in rama abin da na rasa. Na amsa tambayoyi masu ɗimbin yawa, amma makina bai motsa yadda na zata ba. Dalilin, kamar yadda na gane daga baya, shi ne wannan jarrabawa ba haddar ƙa'idoji take aunawa ba. Lissafinta bai wuce na sakandare ba. Abin da take nema shi ne mutum ya yi tunani mai tsafta cikin kimanin minti biyu a kan kowace tambaya, kuma a sashen lissafi babu kalkuleta, sai a sashen nazarin bayanai kaɗai. Ƙwaƙwalwar da ta wuni tana fama da aikin ofis ba za ta koyi irin wannan tunani da ƙarfe goma na dare ba.

A karo na biyu sai na mayar da karatuna sassafe, awa ɗaya da kwata kafin in fita, kwana biyar a mako, na bar ranar hutu ɗaya domin dogon zama, ɗayar kuma na bar wa iyalina. Abin da ya fi canjin lokacin amfani shi ne littafin kurakurai da na buɗe. Duk tambayar da na faɗi, da wadda na ci bisa canki, da wadda ta cinye mini sama da minti uku, sai in rubuta ta, in rubuta abin da ya kai ni ga amsar da na zaɓa, kafin in karanta bayanin masu littafi. Tambaya goma da na yi wa irin wannan bincike sun fi arba'in ɗin da nake yi a da. Bayan wata guda na karanta littafin nan daga farko, sai na ga kurakuraina ba su da yawa, maimaituwa kawai suke yi.

Biyu daga cikinsu zan ambata, domin ina zaton za su same ka. Akwai wani nau'in tambaya a sashen nazarin bayanai da ake ba ka tambaya da bayanai biyu, ba a ce ka nemo amsa ba, sai dai ka faɗi ko bayanan sun wadatar a samu amsa. Misali, a tambaya ko wata lamba ta fi sifiri, bayanin ya ce idan aka ninka ta da kanta ana samun 9. Gaggawa za ta sa ka ce 3 ce, ka manta cewa 3 ta ƙasa da sifiri ma tana ba da 9, don haka bayanin bai wadatar ba. Na biyun kuma ciwon ma'aikaci ne musamman. A tambayoyin auna hujja za a kawo maka labarin kamfanin da cinikinsa ya ƙaru bayan ya yi talla, a ce ka nemo abin da zai raunana iƙirarin cewa tallar ce sanadi. Mu da muka daɗe a aiki sai mu shigo da abin da muka sani na kasuwa ta zahiri, alhali jarrabawar ba ta yarda da komai ba sai abin da aka rubuta a cikin sakin layin. Na daɗe kafin in iya ajiye sanina a gefe in karanta abin da ke gabana kawai.

Game da agogo, jarrabawar tana sauya wahalar tambaya gwargwadon yadda kake amsawa, kuma barin tambayoyi babu amsa yana rage maki sosai. Idan tambaya ta ƙi, ka zaɓi abin da ya fi kusa, ka yi mata alama, ka wuce. An yarda ka koma ka canza amsa har uku a kowane sashe idan lokaci ya rage.

Batun watanni nawa kuwa, daga ranar rufe karɓar takardu ake ƙirgowa baya. Makarantu da yawa a Amurka suna rufe zagayen farko a Satumba, na biyu a Janairu. Ana iya sake zama bayan kwana 16, har sau biyar a cikin wata 12, kuma makin yana aiki shekara biyar, saboda haka ka sa ranar zamanka ta farko aƙalla wata biyu kafin a rufe, yadda za ka samu damar sakewa ba tare da ta ci karo da rubutun neman gurbi da wasiƙun shaida ba. Ni wata huɗu na yi a karo na biyu. Ban ga amfanin dogon hutu ba, kwana uku a makon ƙarshe sun ishe ni. Kuɗin darasi kuma ka dakata da shi sai ka yi mako shida kai kaɗai. Idan littafin kurakuranka ya nuna wani sashe ya ƙi motsi, a lokacin ka san ainihin abin da za ka biya a koya maka.

Ka kuma duba shafin makarantun da kake so tun yanzu, domin da yawa suna karɓar GRE, wata jarrabawar shiga karatun gaba da digiri na farko, a madadin GMAT, wasu shirye-shiryen na manyan ma'aikata kuma suna karɓar jarrabawar Executive Assessment, wadda minti 90 ce da tambaya 40. Idan ka zauna gwajin farkon, ka dawo wurina da makin kowane sashe da ranar da makarantarka take rufewa, sai mu duba tare yadda za ka raba makonninka.