Amsa ga Auwalu kan sauya kyamarorin gidan Tudun Wada

Auwalu, ka tambaye ni ko za a iya barin tsofaffin wayoyin da ke gidan mutumin nan na Tudun Wada a sauya kyamarori huɗun da na'urar naɗa kawai, ko kuwa sai an tuge komai an koma tsarin IP, wato kyamarorin da ke tura hoto ta irin wayar intanet. Tambayar ba ta da laifi, sai dai ka yi ta ne ba tare da ka hau silin ka taɓa wayar da hannunka ba, kuma na ji har ka gaya wa mai gidan cewa aikin ba zai ci kuɗi ba. Wannan shi ne halinku yaran yanzu, ku kalli bidiyo biyu a waya ku tashi kuna yanke farashi a bakin ƙofar mutane.

Amsar tana jikin wayar. Idan RG59 ce, wato wayar kyamara mai zare ɗaya a tsakiya, kuma ta jan ƙarfe na gaskiya, ɓera bai ci ba, ruwa bai shiga ba, to za ta ɗauki kyamarorin zamani masu megafiksel 2 ko 5, waɗanda Hikvision ke kira TVI, Dahua kuma CVI, kuma yawancin DVR na yanzu, wato na'urorin naɗa, suna karɓar kowanne daga cikinsu. Ka yanki ɗan guntu ka kanga masa maganaɗisu. Idan ya manne, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, kada ka ɗora sunana a kansa. Idan kuwa mai gidan ya nace sai IP, to Cat6, irin wayar intanet, za a ja, waya ɗaya ta ɗauko hoto ta kai wuta ta hanyar PoE, amma iyakarta mita 100, kuma abin da za ka auna shi ne hanyar da wayar za ta bi ta jikin katanga da cikin silin, ba tazarar da ido ke gani daga falo zuwa get ba. Yadda ake matse kan BNC, wato mahaɗin bakin RG59, ko jera launukan Cat6 ba zan ɓata takarda a kansa ba, wanda bai iya wannan ba bai isa riƙe mini tsani ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka wannan da tsawo shi ne maganar da ka saka a ƙarshen tambayarka, wai mai gidan ya ce shi zai sayo kayan da kansa mu dai mu yi aikin hannu. Na taɓa jin irin wannan magana daga bakin wani Alhaji a wajejen Hanwa, kuma har yau idan na bi ta layin nan raina sai ya ɓaci. Gida ne babba mai doguwar katanga, yana da tsofaffin kyamarori da ba ka iya bambance mutum da akuya a cikinsu idan dare ya yi, ya ce yana son 8 na IP da NVR, wato na'urar naɗa ta tsarin IP. Na rubuta masa lissafi dalla-dalla, ya duba ya yi dariya, ya ce yana da ɗan ƙane a Kano da zai samo masa komai a kan rabin kuɗin. Da kwalin wayar ya iso, tun daga ɗagawa na ji ba shi da nauyin da ya kamata, duk da an buga a jikinsa cewa tsantsar jan ƙarfe ce. A gabansa da mai gadinsa na fere zare ɗaya da wuƙa, ja ya kankare fari ya fito, na kunna masa ashana zaren ya lanƙwashe ya zube. Na gaya masa cewa alminiyum ne, kuma alminiyum bai wuce kashi 61 cikin 100 na ƙarfin jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, waya ai waya ce, ku dai masu aikin hannu ba ku son a sayo kaya a bayanku." Faifan ajiyar da aka kawo kuwa na tsohuwar kwamfutar tebur ne da aka manna wa sabuwar takarda, na nuna masa wannan ma, ya ce haka nan zan sa.

Na yi aikin yadda ake yin aiki. Na binne bututu a jikin katanga, na sayi suwic ɗin PoE mai raba wa kyamarori wuta da akwatunan rufe mahaɗa da kuɗin aljihuna, saboda ya yi alkawarin cikon kuɗina da na kayan gaba ɗaya bayan Babbar Sallah, kuma dattijo ne da ake tsayawa a gaishe shi a unguwa. Ba a jima ba kyamarori biyun bakin get suka fara ɗaukewa da zarar magariba ta yi, domin lokacin ne fitilun ganin dare ke kunnuwa su ƙara jan wuta, ita kuwa wayar ba ta iya kai ta can nesa. Na je na sake yi masa bayani, ya ce zai duba. Da damina ta sauka ɓarayi suka haura suka fitar da babur daga zaure. Aka kira ni da sassafe, na tarar da allo yana nuna hoto tangaram, amma faifan ya daɗe da mutuwa, babu ko daƙiƙa ɗaya da aka naɗa. Bayan sallar La'asar, a ƙofar masallaci, cikin mutanen da suka san mahaifina, Alhajin nan ya ɗaga murya ya ce ni na musanya masa kaya masu kyau da na jabu. Mai gadin da aka fere waya a gabansa ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba, kuma ban ga laifinsa ba, abincinsa yake karewa. Cikon kuɗina bai fito ba har yau, suwic ɗina yana nan yana yi masa aiki a hannun wani yaro da ya ɗauko, kuma maƙwabtansa da muka riga muka yi magana da su suka janye ayyukansu. Mukan haɗu a wurin ɗaurin aure ya miƙo mini hannu yana tambayata ya kasuwa.

Saboda haka ka koma ka gaya wa mutumin Tudun Wada cikin ladabi cewa a shagona waya da faifai da abin ba da wuta mu muke sayowa, in ya so ya zaɓi kyamarar da ta yi masa kyau a ido. Faifan ya zama irin wanda aka ƙera don naɗa dare da rana, WD Purple ko Seagate SkyHawk, kuma ka yi masa lissafin a gabansa: kyamara mai megafiksel 2 da aka saita a megabit 2 cikin daƙiƙa tana cin kusan gigabait 21 a awa 24, huɗu ke nan za su cika terabait 1 cikin kwana 11 zuwa 12, sannan sabo ya hau kan tsoho ya goge shi. Mutumin da ke tafiya Umara ya yi mako biyu, terabait 2 ne mafi ƙarancin abin da ya dace da shi, wanda kuwa ba ya lura da abin da ya ɓace a sito sai wata ya zagayo, sai terabait 3 zuwa sama.

Na'urar da kyamarori huɗun ba su kai wat 60 ba ko da dare, don haka babu hujjar barin su a kan wutar Nepa da janareto, inda kowane ɗaukewa da sauyawa ke girgiza faifan. A ɗora su a kan inbata, a sa abin kare tsawa, a kuma tabbatar akwai waya zuwa ƙasa kafin hadarin farkon damina. Na'urar kanta kada a ajiye ta a ƙarƙashin talabijin a falo, inda ɓarawo zai rungume ta ya fita da shaidar a hammata.

Akwai kuma abin da bidiyoyinku na Turawa ba za su koya maka ba. Gidan Bahaushe yana da zaure yana da cikin gida, kuma ba kowane lungu ake kafa wa ido ba. Kada ka juya kyamara ta kalli tsakar gida inda iyali ke harkokinsu sai mai gidan ya faɗa da bakinsa, kada kuma ta leƙa ta saman katanga zuwa gidan maƙwabci, domin wannan rigima ce da takan kai gaban mai unguwa. Kalmar sirri mai gidan ne zai sa da hannunsa kana juya baya, kuma in ka gwada Hik-Connect, manhajar Hikvision ta kallon kyamara, a wayarka, ka cire na'urar daga asusunka a gabansa kafin ka fita.

Gobe da safe ka ɗauki wuƙa da maganaɗisu da tef ɗin awo ka koma gidan, ka kawo mini guntun waya daga kowace kyamara da tsawon kowace hanya a rubuce. Kada ka ambaci ko sisi har sai na gani, kuma ka sanar da shi tun yanzu cewa kafin alƙalami sai ya rufe kuɗin kaya gaba ɗaya kafin a huda bango.