Amsa: Dutse mai tsagewa zai ɗauki bene?

Ɗan'uwa, ka ce filinka yana kan falalen dutse mai tsage-tsage, kana so ka san ko zai ɗauki bene. Zai ɗauka, in dai tsagun a matse suke ƙam kuma filin ba a bakin gangare yake ba. Kada taurin dutsen ya ruɗe ka don ka buga guduma ta yi tsalle. In nauyi ya hau, da wuya dutsen ya niƙe; ɓallin da tsagu suka kewaye ne ke zamewa, musamman in tsagar ta karkata tana kallon gangare.

Akwai ƙarin sharaɗi guda, kuma a wurin fasa dutse na koye shi: duba abin da ke cikin tsagar. Zura wuƙa, in ta fito da yumɓu kada ka zuba fandisho sai injiniya ya gani. Da rani yumɓun a bushe yake, yana riƙewa kamar siminti, amma da damina sai ya koma santsi, ruwan da ya cika tsagar kuma yana tura ɓangarorin. Irin haka ce ta rusa madatsar ruwan Malpasset a Faransa a 1959: dutsen ƙarƙashinta ne ya motsa ta wajen tsagu, mutum fiye da 400 suka rasu. Ka leƙa filin a watan Agusta bayan ruwan sama, ka ga ko tsagun na tsattsafo da ruwa.