Kocin ɗana ya faɗi a wasan farko na gasar Maris, shin ya cancanci a tsawaita masa kwantiragi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana shekararsa ta biyu a wata jami'a a Amurka, da ƙwallon kwando ya samu tallafin karatu. Kocin da ya ɗauke shi saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare, ga shi an fitar da su a wasan farko na gasar da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ke shiryawa a watan Maris. Magoya baya sai cewa suke a kore shi. Don Allah ya cancanci a ƙara masa wa'adi? Na kasa barci, ina tsoron in ya tafi karatun yaron ya lalace. (Wani uba daga Zariya)

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ka kwantar da hankalinka, domin hujjar da ake kafawa a kan wannan kocin ita ce mafi rauni a duk harkar nan, kuma ita nake ji kullum har ta ishe ni: wai wasa ɗaya a watan Maris shi ke nuna ko koci ya iya aikinsa.

Gasar nan sili-ɗaya-ƙwale ce. Minti 40 kacal, kuma masu bugawa samari ne 'yan shekara 19 da 20. In yara biyu suka kasa jefa ƙwallo a kwando a daren, ko babban ɗan wasa ya tara laifi da wuri aka zaunar da shi, shi ke nan aikin wata biyar ya tafi. A 2018 jami'ar Virginia ta koci Tony Bennett ta shiga gasar tana kan gaba a duk ƙasar, wata jami'a mai suna UMBC ta lallasa ta da 74 da 54. Shi ne karon farko da mai lamba 16, wato ta ƙasan jeri, ta doke mai lamba 1, wato ta saman jeri, a gasar maza. Babu irin zagin da bai sha ba. Jami'ar ba ta saurari kowa ba, kuma a 2019 wannan kocin dai ya ɗauko mata kofin. A 2023 irin haka ta faru da Matt Painter, kocin jami'ar Purdue, a hannun jami'ar Fairleigh Dickinson, a 2024 sai ga shi a wasan ƙarshe. Guy Lewis, wanda ya horar da Hakeem Olajuwon a Houston, ya je wasan ƙarshe a 1983 da 1984 ya faɗi duka biyun, har ya yi ritaya bai ɗaga kofin ba. Wa zai ce bai iya horarwa ba?

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu sharhin Facebook da TikTok da ba sa kallon wasa ko ɗaya daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai Maris ta zo su zama alƙalai. Maganarsu tana shiga kunnen attajiran da ke ba jami'a gudummawa, su kuma su matsa wa daraktan wasanni, a ƙarshe yaran da ba su ji ba su gani ba su ne ke kwana a ciki. Kuma kuskuren gaba da baya yake ci. Yadda faɗuwar dare ɗaya ba ta isa kora ba, haka nasarar mako biyu ba ta isa a ɗaure jami'a da kwantiragin shekara goma ba.

Ko wanda ya daɗe yana cin nasara ma, doguwar yarjejeniya na iya zama ƙarfen ƙafa. John Calipari ya ci wa Kentucky kofi a 2012, a 2019 aka ba shi shekara 10 a kan dala miliyan 86. Bayan nan sakamako ya ja baya, Saint Peter's ta fitar da su a 2022, Oakland a 2024, amma korarsa za ta ci sama da dala miliyan 30. Sai da ya tafi Arkansas don kansa aka rabu.

Ni ga abin da nake dubawa. Matsayin ƙungiyar a rukunin jami'o'in da take karawa da su cikin shekara uku ko huɗu, tana hawa ne ko tana sauka. Sannan yaran da ya ɗauko, suna ƙaruwa a hannunsa, suna kammala digiri? Mafi girma a wurina, suna zama? Yanzu ɗan wasa na iya sauya jami'a ya ci gaba da bugawa ba tare da ya zauna shekara ba, don haka kocin da manyan 'yan wasansa ke dawowa bayan an sha kashi, yaran sun riga sun ba da shaida a kansa. In kocin ɗanka ya cika waɗannan, ya cancanci ƙarin shekara biyu ko uku da kuɗin sallama mai sauƙi. Barinsa da saura shekara ɗaya zalunci ne, domin abokan hamayya za su riƙa gaya wa iyaye cewa mutumin nan tafiya zai yi, ba mai ba shi ɗansa.

Batun yaronka kuwa, ka sa ya turo maka takardar tallafin karatunsa ka ga ta shekara ɗaya ce da ake sabuntawa ko ta shekaru da yawa. Ya je ofishin da ke kula da dokokin NCAA a jami'arsu ya tambayi haƙƙinsa in koci ya canza, a rubuta masa amsar. Ya riƙe makinsa na aji da kyau, don da shi ake karɓarsa a wata jami'ar. Kuma don girman Allah, Alhaji, kada ka saurari dillalan da za su fara kiranka yanzu suna cewa ya sa sunansa a jerin masu neman sauya jami'a, wai akwai kuɗin talla a wani wuri. Bizar ɗalibi ta F-1 ta taƙaita irin kuɗin da ɗan ƙasar waje zai iya karɓa a cikin Amurka, kuma da yawa sun bar gurbinsu ba su sami wani ba. Dillali lada yake nema, ranar da yaron ya rasa makaranta wayarsa a kashe za ka same ta.