Barkwancin talabijin: Birtaniya, Amurka ko Ailan?

Ɗan'uwa, ka tambaya su wa suka fi iya barkwanci a talabijin cikin ƙasashen nan uku.

Duba The Office, shirin barkwanci kan ma'aikatan wani ofis. Na Birtaniya ya fara a 2001, kashi 14 kacal: shugaban ofis yana ta kunyata kansa, kana dariya kana jin kunya a madadinsa. Amurkawa suka yi nasu a 2005, suka ja shi har kashi 201, suka tausasa halin shugaban. Ni dai na Birtaniya ya fi burge ni.

Ailan kuwa gwanayen shiririta ne. Gwada Father Ted, labarin limaman coci uku a tsibiri, ko da yake tashar Channel 4 ta Birtaniya ce ta nuna shi.

Kada ka yanke hukunci daga kashi ɗaya. Kunna rubutun ƙasan allo, karin harshensu yana da wuyar ji. Habaicin siyasarsu kuwa, tambayi wanda ya zauna can.