Gemun da na aske a kan alƙawari

Saƙon murya har uku ka turo mini, duk magana ɗaya: "Baba, an kira ni fim mai dogon zango amma mai gadi aka ba ni, sin huɗu kacal, wato fitowa huɗu. Ga wani furodusa kuma ya ce in rabu da su, shi zai mai da ni jarumi. Wanne zan kama? Kuma yaya aka yi kuka daɗe a harkar nan?" Da ban yi niyyar amsa maka ba, don tambayar yadda aka daɗe tambayar malalaci ce, mai son a tauna a ba shi. Ambaton furodusan nan ne ya fama mini tsohon miki.

Batun haddace maganarka, da kada ka kalli kyamara, da zuwa lokeshin kafin darakta, ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda sai an gaya masa wannan, ya koma sayar da katin waya. Mu a daɓe muka taso, gaban mutane, inda babu "kot, a sake". Daga nan muka shiga diramar talabijin zamanin da CTV 67 ke tashe a Kano, tun kafin 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa su fitar da Turmin Danya a 1990 a ce an fara fim ɗin bidiyo. Ku kuwa yanzu yaro zai yi rawar minti ɗaya a TikTok, gobe ya zo yana tambayar me ya sa ba a sa hotonsa a fosta ba.

To, saurara. Ina da gemu a lokacin, na fi shekara goma ina kiwonsa, da furfura ta ratsa tsakiyarsa kamar an ja layi da alli. Wannan gemun shi ne jarina. Liman ni ne, alƙali ni ne, uban yarinyar da zai ce ba za ta auri talaka ba ni ne. Ga kuma wata dirama ta mako-mako a talabijin da nake fitowa mai unguwa, kuɗin ba yawa, amma ba ya yankewa, kuma ko kasuwar Rimi na shiga "Mai unguwa!" ake kirana, a ƙara mini gyara a kan tumatir.

Bayan an kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001, kasuwar kaset na kan ganiyarta, sai ga wani yaro ya zo har ƙofar gidana a motar da daga baya na gane ta aro ce. Ya durƙusa har ƙasa. Baba kaza, Baba kaza. Wai ya rubuta labari domina, tarihin mutum ɗaya tun yana magidanci har tsufansa, ni ne farko ni ne ƙarshe, fuskata ce za ta cika kwalin kaset. Ka san ni ban taɓa hawa kwali ba sai dai ɗan ƙaramin hoto a lungu, kusa da lambar wayar ɗan kasuwa. Nan son zuciya ya shige ni, ba zan ɓoye maka ba. Sharaɗinsa ɗaya: za a fara ɗaukar ƙuruciyar mutumin, don haka sai na aske gemu na shafa baƙi a kai. In ya sake tsirowa sai a ɗauki tsufan.

Uwargida ta ce kada in yi. Na ce mata me mace ta sani a harkar fim. Wanzamin ma sai da ya tambaye ni sau biyu kafin ya ɗora aska.

Ana saura kwana uku a fita sai yaron ya dawo, fuska a yamutse, wai kuɗin hayar kyamara da janareta bai cika ba, in sa hannun jari a raba riba. Na sayar da Vespa ɗina na ba shi. Babu takarda, babu shaida, a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya ce Allah ne shaidarmu. Kwana tara muka yi a wani ƙauye gaba da Bichi, ina kwana a tabarma, da rigunana na kaina, ko kafin alƙalami ban karɓa ba tunda ai ni ma mai fim ne.

Ranar da na koma gidan talabijin, darakta ya dubi haɓata ya dafe kai. Akwai sin ɗin da aka ɗauki rabinsa, mai unguwa ya shiga zaure da gemu, yanzu zai fito babu. Aka gwada manna mini na ƙarya da gam, zafin fitila ya sa ya saki ta gefe ɗaya ina tsakiyar yanke hukunci, har mai riƙe makirfo ya fashe da dariya. Mako biyu suka jira. Daga nan marubuci ya tura mai unguwa aikin hajji, ya kashe shi a can, aka naɗa ƙanensa. A gida na ji mutuwata, yarana na kallo. 'Yan bidiyo ma suka daina aikowa, don liman da haɓa sumul kamar ta ango ba wanda zai yarda da shi. Wata huɗu ina zaune, ina zuwa unguwa a ƙafa.

Gemu ya dawo, yaro bai dawo ba. Wata rana ina ratsawa ta Ƙofar Wambai sai na hangi fosta: sunan fim daban, saurayi da budurwa sun cika ta, ni kuma ga ni a lungun da na saba. Na sayi kaset ɗin da kuɗina, na ɗaya da na biyu. Ashe ya kai aikin kwana tarana wurin edita an yayyanka, an cusa waƙoƙi, an mai da ni wani tsohon banza mai bin sa'ar 'yar cikinsa da kuɗi. Ya sayar wa ɗan kasuwa tuni ya karɓe. Na kai ƙara wurin manyan sana'a, suka ce ina takarda? Ina shaida? Aka ce in yi haƙuri, yaro ne. Ya miƙo mini kuɗin mota. Vespa na yafe ta, ƙarfe ce. Mai unguwar nan da aka kashe mini a Makka ne har yau ban yafe ba, kuma ko a gaban wa zan faɗa.

Saboda haka ka kama mai gadinka. Kana raina sin huɗu ne don ba ka san abin da ake yi da su ba. Ka ba mutumin abu ɗaya da zai zama nasa: tsohuwar rediyo da ba ya rabuwa da ita, ko yadda yake jan ƙafa kafin ya buɗe ƙofa, ko kalma ɗaya da yake maimaitawa in ya ji tsoro. Ɗaya na ce, kada ka tara goma ka zama mahaukaci. In 'yan kallo suka fara kwaikwayonsa a majalisa, marubuci da kansa zai ƙara maka sin. Dubi marigayi Usman Baba Pategi: tsohon soja ne, ya ɗauki Hausar bariki ya gina Samanja, har ya rasu a 2023 mutane da yawa ba su san sunansa na yanka ba. Marigayi Kasimu Yero kuma, 'yan Kudu da ba sa jin Hausa sun san shi da Uncle Gaga tun zamanin NTA. Ko Rabilu Musa, wa yake kiransa Rabilu? Ibro ne har ya koma ga Allah a 2014.

Jarumai nawa na yi wa uba? Na aurar da wasu a fim, shekara biyar aka daina jin ɗuriyarsu, aka kawo sababbi na sake aurarwa. Da aka dakatar da ɗaukar fim a Kano a 2007 aka watse Kaduna da Jos, fuskoki da yawa sun ɓace, amma ko a can sai an nemi uban yarinya. Da kaset ya mutu, faifai ya bi shi, Arewa24 ta zo a 2014, YouTube ya biyo baya da masu dogon zango, duk mako ana buƙatar kawu da mai gadi da liman.

Kuɗi kuwa, a yi ciniki a kan kowane sin, ka tambayi kashi nawa za a raba abin da aka ɗauka, a rubuta, mutum biyu su sa hannu, ka karɓi kafin alƙalami kafin ka sa hula. Rigar da ka fara fitowa da ita ka ninke ka ajiye, kada ka je biki da ita. Shi kuma furodusan naka, ka tambaye shi kuɗin kyamara ya cika? Ka dubi idonsa lokacin da zai amsa.

Ka zo ranar Alhamis bayan azahar da takardar sin huɗun, in ji yadda kake cewa "wane ne a nan?" Kuma wannan askin da na gani a hotonka, na gefe sumul sama tsiri, babu mai gadin da ke yawo da shi. Ka bar gashin ya taru.