Ta ina sabon shugaban makaranta zai fara?

Malam, ka ce an ba ka shugabancin makarantar cikin birni, yawancin ɗalibanta 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, kana neman inda za ka fara.

Fara da rajistar aji. Duba masu yawan fashi, ka bi sawu ka ji dalili: yunwa, nisa, ko aikin gida. Sannan ka kai ƙwararrun malamanka ƙananan azuzuwa, domin yaron da ya wuce nan bai iya karatu ba, kowane darasi zai gagare shi. Shugabanni da yawa kan tara gwanayen a ajin jarrabawa, a ganina kuskure ne.

Kada ka raba kayan aiki daidai wa daida, a fifita mai buƙata. Yaron da kake zargin ba ya ji ko gani sosai kuwa, a kai shi wurin likita kafin a kira shi daƙiƙi.